Yadda garkuwar antioksidan ke taimaka wa fangas ya kama jikin mutum

Wani ɗalibin fannin lafiya ya yi tambaya cewa a kullum ana gaya wa mutane antioksidan abu ne mai amfani da ke kare jiki, to ta yaya kuma ake cewa shi ne yake taimaka wa fangas (dangin fumfuna da yis) masu jawo cuta su kama ɗan Adam, kuma ko hakan yana nufin mai fama da ciwon fangas ya guji bitamin C da makamantansa.

Ɗan'uwa, abin da ya kamata a fara warwarewa shi ne garkuwar ta wane ne. Antioksidan da ake magana a kai a nan ba wanda mutum yake samu daga abinci ba ne. Wasu furotin ne da sinadarai da shi fangas ɗin yake ƙerawa da kansa, kuma abin da yake kare kansa daga gare shi guba ce da jikinmu yake zuba masa da gangan. Idan ka fahimci cewa jikin ɗan Adam yana sarrafa oksijin ya mai da shi makami, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Oksijin sinadari ne mai kwaɗayin ƙwace ilektiron daga abin da ya taɓa, kuma wannan ƙwacen ne yake sa ƙarfe ya yi tsatsa. A yanayin da muke shaƙarsa yana da ɗan natsuwa, amma da zarar ya karɓi ilektiron guda ɗaya sai ya koma sufa-oksaid, daga sufa-oksaid kuma a sami haidirojin feroksaid, wato ruwan nan da ake zubawa a kan rauni ya yi kumfa. Idan feroksaid ya haɗu da sinadarin ƙarfe da ke narke cikin ƙwayar halitta, sai ya haifar da hidroksil, wanda ya fi su duka ɓarna, domin kusan duk abin da ya ci karo da shi sai ya lalata shi nan take, kuma rayuwarsa ta yi gajarta ƙwarai har babu enzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai, da zai iya riskarsa ya kawar da shi. Waɗannan sinadarai suna yaga tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta, suna gurgunta furotin, suna kuma karya sarƙar DNA. Duk halittar da ke rayuwa da oksijin tana samar da kaɗan daga cikinsu a matsayin dattin numfashi, shi ya sa kowacce take da hanyar share su. Fararen ƙwayoyin jininmu kuwa da niyya suke samar da su, kuma da yawa.

Biyu daga cikin fararen ƙwayoyin jini su ne kan gaba a yaƙi da fangas, wato nutrofil, wadda ita ce ta fi yawa a jinin babban mutum, da makrofaj, wadda take zaune a cikin gaɓoɓi kamar huhu da hanta. Idan ɗaya daga cikinsu ta gane fangas ta hanyar sukarin da ke bangonsa, sai ta haɗiye shi ta kulle shi a cikin wani ɗan aljihu. A jikin tantanin wannan aljihun ne ake harhaɗa wani enzayim mai suna NADPH oksides, wanda sassansa suke warwatse lokacin da ƙwayar ke hutawa, sai an ga abokin gaba su taru wuri ɗaya su fara ɗora ilektiron a kan oksijin suna antaya sufa-oksaid cikin aljihun. Yawan oksijin da ƙwayar ke zuƙa a wannan lokaci yakan ninka sau da yawa cikin 'yan mintuna. Bernard Babior da abokan aikinsa ne suka nuna a 1973 cewa sufa-oksaid ne ake samarwa a wannan zuƙar. Nutrofil tana da ƙarin wani enzayim, mayelo-feroksides, wanda yake haɗa feroksaid da kuloraid ya fitar da sinadarin nan da ke cikin bilic na wanki. A gefe guda kuma makrofaj tana iya samar da naitirik oksaid, wanda idan ya haɗu da sufa-oksaid sai su ba da wata guba mai suna feroksi-naitirait.

Hujja mafi ƙarfi a kan muhimmancin wannan makami ta fito ne daga marasa lafiya. Akwai wata cuta ta gado da likitoci ke taƙaita sunanta da CGD, wadda aka fara bayyanawa a shekarun 1950, tana samun kamar jariri ɗaya cikin 200,000, kuma ta fi yawa a yara maza saboda nau'inta mafi yawa ta hanyar uwa ake gadonsa a kan kuromosom X. Masu wannan cuta suna da fararen ƙwayoyin jini daidai adadi, ƙwayoyin kuma suna haɗiye fangas yadda ya kamata, illa dai NADPH oksides ɗinsu ba ya aiki. Wannan giɓi guda ɗaya ya isa ya sa fumfunar Aspergillus ta zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke kashe su, alhali kuwa kowane mutum yana shaƙar ɗaruruwan ƙwayoyin irinta a kowace rana ba tare da ko tari ba. Abin lura kuma shi ne rashin mayelo-feroksides ya fi CGD yawa nesa ba kusa ba, amma akasarin masu shi ba su ma san suna da shi ba, sai dai waɗanda ciwon suga ya haɗu musu da shi sukan fi fuskantar haɗarin Candida, wani nau'in yis, ta bazu a jiki. Wannan ya nuna cewa tushen sarƙar, wato sufa-oksaid da feroksaid, shi ne abin da jiki ba zai iya yi ba tare da shi ba.

To a nan ne fangas yake shigo da nasa shirin. Layin farko enzayim ne mai suna sufa-oksaid dismutes, wanda ake taƙaitawa da SOD, wanda Joe McCord da Irwin Fridovich suka gano aikinsa a 1969 a Jami'ar Duke da ke Amurka. Aikinsa shi ne mai da sufa-oksaid zuwa feroksaid da oksijin. Layi na biyu katales ne, wanda yake farfasa feroksaid zuwa ruwa da oksijin da saurin da ya kai miliyoyin ƙwayoyin sinadari a daƙiƙa ɗaya. Wanda ya taɓa ɗiga feroksaid a kan tsiron yis a ɗakin gwaje-gwaje ya ga aikinsa da idonsa, domin wurin yakan tafasa da farin kumfa tun kafin ya ɗauke hannunsa. Layi na uku kuma tsari ne da ya dogara da sinadarin farar wuta, wanda ya ƙunshi gulutatayon da tayoredoksin da wasu enzayim da ke kawar da feroksaid kaɗan-kaɗan, suna kuma gyara furotin da suka riga suka lalace. Wani abin sha'awa shi ne wannan tsari na uku da NADPH yake aiki, wato sinadarin da farar ƙwayar jini take ƙonawa don ta samar da gubar, da shi fangas yake sabunta maganinta. Ga naitirik oksaid kuma, fangas irin su Candida albicans da Cryptococcus neoformans suna da wani furotin mai kama da himogulobin wanda yake mai da shi naitiret marar illa.

Sai dai jera sunayen enzayim ba ya bayyana komai, tunda yis ɗin da ake yin burodi da shi ma yana da kusan dukkansu, kuma da wuya ya cutar da kowa. A ganina abin da ya bambanta fangas mai cuta shi ne wurin da ya ajiye garkuwar da kuma lokacin da ya ɗaga ta, kuma babu inda wannan ya fito fili kamar a Candida albicans.

Candida albicans yis ne da ke zaune lafiya a baki da hanji da al'aurar mutane da yawa, sai an sami rauni a garkuwa ko an sa bututu a jijiya ya shiga jini. Yana da SOD har guda shida. Uku suna cikin ƙwayar, kamar yadda aka saba gani a sauran halittu, amma sauran ukun, Sod4 da Sod5 da Sod6, a wajen ƙwayar suke, maƙale da bangonta, suna fuskantar waje. Dalilin da ya sa wannan yake da muhimmanci ya koma ga ɗabi'ar sufa-oksaid, wanda yake ɗauke da caji, don haka ba ya ratsa tantani cikin sauƙi. SOD na ciki, komai ƙarfinsa, ba zai iya taɓa sufa-oksaid da nutrofil ta zuba a waje ba, kuma idan aka bar shi a wajen zai ci gaba da cin bangon ƙwayar, ya kuma haɗu da naitirik oksaid su zama guba mafi muni. Masu bincike a Biyana ta ƙasar Ostiriya sun nuna a 2009 cewa idan aka cire Sod5 daga Candida, sinadaran oksijin masu guba sukan taru sosai a kewayenta yayin da ta haɗu da makrofaj, kuma wadda aka cire wa Sod4 da Sod5 tana mutuwa fiye da ta asali. Abin da ya rufe hujjar shi ne lokacin da aka haɗa wannan gurguwar Candida da makrofaj da ba ta da NADPH oksides, sai ta rayu kamar babu abin da ya same ta. Ke nan ba wani aiki na daban Sod5 yake yi ba, an ajiye shi a nan ne don gubar mai masauki, wato jikin da fangas ya shiga.

Sod5 yana da wata siffa da ta ƙara jan hankali. SOD na wannan dangi yawanci yana buƙatar jan ƙarfe da zink kafin ya yi aiki, amma Sod5 jan ƙarfe kaɗai yake buƙata, kuma Candida tana fitar da shi ne fanko, sai ya kama jan ƙarfen daga abin da ke kewaye da shi. Makrofaj kuwa tana tura jan ƙarfe cikin aljihun da ta kulle ƙwayar cuta don ta ƙara mata guba. Haka nan a cikin ƙoda, inda jan ƙarfe kan yi ƙaranci idan cutar ta yi nisa, Candida takan rage Sod1 mai buƙatar jan ƙarfe ta koma ga Sod3 mai aiki da manganis, don kada garkuwar cikinta ta tsaya saboda rashin ƙarfe ɗaya. Yis na burodi ba shi da wannan mafita.

An ga irin wannan SOD na waje a Histoplasma capsulatum, fangas da ke rayuwa a ƙasar da ta haɗu da kashin tsuntsaye ko na jemage, sananne a kwarin kogunan Ohayo da Misisifi na Amurka, ana kuma samunsa a Afirka da Latin Amurka. A ƙasa fumfuna ne, amma da ya shiga huhu ya ji zafin jiki na digiri 37 sai ya rikiɗa ya zama yis, ya shiga cikin makrofaj ya mai da ita gida. Wannan yis yana fitar da nasa SOD na waje mai suna Sod3 (suna kawai suka haɗa da Sod3 na Candida), kuma binciken 2012 ya nuna cewa idan aka cire shi, ɓeraye suna shawo kan cutar, amma a ɓerayen da ba su da NADPH oksides fangas ɗin yana dawo da ƙarfinsa.

Yanzu sai mu zo ga wurin da littattafan karatu sukan wuce da sauri, alhali shi ne ya fi koyar da hankali. Da mutum zai yi hasashe, zai ce katales ne ya kamata ya zama mafi muhimmanci, tunda shi ne mafi sauri. Gwaji bai goyi bayan haka ba. Cryptococcus neoformans yana da katales guda huɗu, an cire su duka, amma ya ci gaba da kashe ɓeraye kamar da. Candida glabrata tana jure feroksaid fiye da Candida albicans da yis na burodi, kuma katales ɗaya tak gare ta, wanda idan aka cire shi takan mutu da ɗan feroksaid kaɗan a farantin gwaji, amma a jikin ɓera ta ci gaba da zama a gaɓoɓi. A Aspergillus fumigatus an cire furotin Yap1, wanda shi ne ke kunna yawancin ƙwayoyin gado na wannan garkuwa, fumfunar ta zama mai rauni ƙwarai ga feroksaid a ɗakin gwaji, amma ƙarfin cutarwarta a ɓeraye bai ragu ba, haka kuma aka gani da aka cire mata SOD guda uku a tare.

Akwai dalilai da ke bayyana wannan. Na farko shi ne feroksaid, saɓanin sufa-oksaid, yana ratsa tantani, don haka ana iya tare shi a waje ko a ciki, kuma hanyoyin tare shi suna da yawa, idan an toshe ɗaya sauran su ɗauki nauyin. A Histoplasma, misali, katales na waje da na ciki suna maye gurbin juna, sai an cire duka biyun ake ganin rauni sosai. A nan sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A Cryptococcus kuwa wani enzayim na tsarin farar wuta mai suna Tsa1 ne ya bayyana a matsayin wanda ba a iya yi ba tare da shi ba, ba katales ba. Sannan akwai matsalar gwajin kansa, domin kafin Aspergillus ta kama ɓera sai an karya masa garkuwa da magani, kuma idan an riga an kawar da nutrofil ɗin da ke zuba gubar, ba abin mamaki ba ne a ga cewa fumfunar ba ta buƙaci maganin gubar ba. Shi ya sa nake jan kunnen ɗalibai cewa rauni ga feroksaid a faranti abu ɗaya ne, raunin cutarwa a jiki kuma wani abu ne daban, kuma duk wanda ya karanta sakamakon irin wannan gwaji ya fara tambayar wane irin ɓera aka yi amfani da shi.

Ba da enzayim kaɗai ake kariya ba. Melanin, dangin sinadarin da ke ba fatar mutum launi, yana tsotse sinadaran oksijin masu guba kafin su isa cikin ƙwaya. Cryptococcus neoformans, wanda ake yawan samu a busasshen kashin tattabaru, yana da enzayim mai suna lakes wanda yake ƙera melanin, amma ba daga komai ba, sai ya sami wasu sinadarai irin su dofamin, kuma ƙwaƙwalwa tana da wadatar waɗannan. Masana da dama suna ganin wannan yana cikin dalilan da suka sa fangas ɗin yake son ƙwaƙwalwa har yake jawo sanƙarau, cutar da aka ƙiyasta ta kashe kusan mutum 112,000 masu ɗauke da cutar ƙanjamau a shekarar 2020, wato kusan kashi 19 cikin ɗari na mace-macen da ke da alaƙa da ƙanjamau. A ɗakin gwaji ana amfani da wannan ɗabi'a wajen gane shi, domin a kan wani abincin tsiro na musamman tsironsa yakan koma ruwan ƙasa mai duhu yayin da sauran yis suke zama farare. Yana kuma da wani kwanso mai kauri na sukari, wanda idan aka ɗiga baƙar tawada a ruwan laka na majiyyaci aka duba a madubin likita, sai a ga kowace ƙwaya da farin da'ira kewaye da ita inda tawadar ta kasa shiga. Wannan kwanso yana ƙara kauri a cikin jiki, kuma ƙwayoyin da kwansonsu ya fi girma sun fi jure feroksaid da danginsa. Da waɗannan ne Cryptococcus yake zama da rai a cikin makrofaj, ya hayayyafa, wani lokaci ma ya fice daga cikinta ya bar ta da ranta.

Aspergillus fumigatus ta ɗauki matakin gaba da haka. Ƙwayoyin irinta ƙanana ne ƙwarai, faɗinsu bai wuce maikuromita 2 zuwa 3 ba, shi ya sa suke isa can ƙarshen huhu, kuma launinsu na toka mai sirkin kore daga wani nau'in melanin yake. Idan aka cire ƙwayar gadon da ke ƙera shi, irin yakan fito fari, ya fi saurin mutuwa a hannun fararen ƙwayoyin jini, ƙarfin cutarwarsa kuma ya ragu. An gano daga baya cewa wannan melanin ba tsotsar guba kaɗai yake yi ba, yana hana wani sashe na NADPH oksides zama a jikin aljihun da aka kulle irin a ciki, wato yana hana harhaɗa injin tun daga farko. Bayan irin ya tsiro ya zama zare, fumfunar tana fitar da wata guba mai suna giliyotoksin wadda ita ma take hana harhaɗa wannan enzayim a nutrofil. A ƙa'ida wannan ba antioksidan ba ne, amma manufar ɗaya ce, kuma yana cikin abin da ya sa cire katales ko SOD daga Aspergillus ba ya yi mata illar da aka zata.

Batun lokaci kuma ya fi bayyana a yadda Candida albicans take amsa sukari. A yis na burodi, samun gulukos alama ce ta wadata, sai ya sassauta garkuwarsa ya mai da hankali ga girma. A Candida akasin haka ne, domin binciken da aka yi a Jami'ar Abadin ta Sukotland ya nuna cewa gulukos, ko da a ma'aunin da ake samu a jini, yana sa ta kunna garkuwarta ga sinadaran oksijin tun kafin ta gamu da su. Fassarar da ta fi dacewa ita ce, ga yis ɗin da ya fito daga hanji ya faɗa jini, hauhawar gulukos tana nufin nutrofil na nan tafe, don haka ya koyi ɗaga garkuwa da jin alamar. Wannan yana da muhimmanci saboda harin nutrofil na mintuna ne, kuma kunna ƙwayar gado da ƙera sabon furotin yana cin lokaci, wanda ya jira gubar ta iso kafin ya fara shiri sau da yawa ba zai kai labari ba. Kada dai a ɗauki wannan a matsayin cikakken bayanin abin da ya sa masu ciwon suga suke yawan kamuwa da Candida, domin yawan suga a jini yana raunana aikin nutrofil ɗin kanta.

Mai tambaya zai iya cewa to me ya hana fangas ya bar garkuwar a ɗage kullum. Amsar ita ce tsada. Katales yana buƙatar sinadarin ƙarfe, jiki kuwa yana ɓoye ƙarfe daga ƙwayoyin cuta da gangan, kuma an nuna cewa Candida da aka tilasta wa ƙera katales da yawa tana shan wahala idan ƙarfe ya yi ƙaranci. Jiki ma yana da nasa wayon. Bayan nutrofil ta zuba sufa-oksaid, sinadarin fotasiyam yakan kwararo cikin aljihun, kuma masu binciken na Abadin sun nuna cewa haɗuwar gishiri irin wannan da feroksaid tana kashe Candida fiye da yadda kowannensu zai yi shi kaɗai, domin gishirin yana danne aikin katales, feroksaid ya taru a ciki, shi kuma furotin Cap1 da ya kamata ya shiga cibiyar ƙwayar ya kunna garkuwa ya kasa yin aikinsa. Wannan na cikin dalilan da suka sa mai lafiyayyen nutrofil da wuya Candida ta bazu a jininsa duk da tarin garkuwar da aka lissafa. Abin da garkuwar take saya wa fangas lokaci ne, wato ya tsira a sa'o'in farko har ya sami damar tsiro da zare ya huda makrofaj, ko ya ɓuya a cikinta ta kai shi wata gaɓa, kuma wannan lokacin yana isarsa ne galibi idan mai masaukin ya riga ya yi rauni.

Game da asalin wannan shiri, yawancin waɗannan fangas ba don mutum suka yi shi ba. Cryptococcus da Aspergillus da Histoplasma mazauna ƙasa ne, kuma ba sa buƙatar jikin mutum don su ci gaba da wanzuwa. A cikin ƙasa suna fuskantar hasken rana da bushewa, da kuma amiba, ƙaramar halitta mai ƙwaya ɗaya, wadda take haɗiye su kusan yadda makrofaj take yi. Arturo Casadevall da abokan aikinsa sun nuna a 2001 cewa kwanso da melanin da ke kare Cryptococcus daga makrofaj su ne suke kare shi daga amiba. Candida albicans ce ta bambanta, tunda ita a jikin dabbobi masu ɗumin jini take zaune, shi ya sa dabarunta irin na gulukos suka dace da jikinmu sosai.

Ta fuskar magani, wannan ilimi yana da amfani, ko da yake har yanzu yawancinsa yana matakin bincike. Magungunan fangas da ake amfani da su ga cutar da ta shiga jiki sun taƙaita ga 'yan azuzuwa kaɗan, kuma turjiyar fangas ga magani tana ƙaruwa, musamman a Candida auris da aka fara bayyanawa a Japan a 2009. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fangas 19 da suka fi zama barazana, ta sa Cryptococcus neoformans da Candida auris da Aspergillus fumigatus da Candida albicans a rukunin farko. Amfoterisin B, wanda ake amfani da shi tun shekarun 1950, babban aikinsa shi ne kama sinadarin agosterol da ke tantanin fangas, amma yana kuma haddasa taruwar sinadaran oksijin masu guba a cikin ƙwayar, kuma Aspergillus terreus, wadda aka sani da turje wa wannan magani, an same ta da katales mai ƙarfi fiye da na Aspergillus fumigatus. Wannan ya sa ake tunanin haɗa tsohon magani da wani da zai karya garkuwar. Wahalar ita ce mu da fangas dangi ne ta fuskar ginin ƙwayar halitta, SOD da katales ɗinmu sun yi kama da nasu, don haka maganin da zai gurgunta nasu yana iya gurgunta namu. Shi ya sa hankali ya karkata ga wuraren da muka bambanta, kamar enzayim da ke sabunta tayoredoksin, wanda na fangas ya sha bamban da na mutum a girma da gini, da SOD na waje masu jan ƙarfe kaɗai irin Sod5, waɗanda mutum ba shi da irinsu, da hanyar ƙera sukarin tirehalos, wadda babu ita a jikinmu kuma Candida tana dogara da ita wajen jure feroksaid. Darasin katales kuma ya nuna cewa toshe hanya ɗaya da wuya ya wadatar.

Sai batun bitamin C. Garkuwar fangas furotin ce da yake ƙerawa daga ƙwayoyin gadonsa, kuma bitamin da mutum ya sha ba ya rikiɗa ya zama Sod5 ko melanin na Cryptococcus. Hasali ma nutrofil ɗinka tana tara bitamin C a cikinta ninki da yawa fiye da abin da ke cikin ruwan jini, domin ita ma tana buƙatar kare kanta daga gubar da take samarwa. Saboda haka wannan bayani ba dalili ba ne na guje wa abinci mai bitamin, kamar yadda ba dalili ba ne na shan ƙwayoyin antioksidan da sunan maganin fangas. Abubuwan da suke buɗe wa fangas ƙofa a zahiri sanannu ne, wato faɗuwar nutrofil ƙasa da 500 a kowace maikurolita bayan maganin ciwon daji, shan magungunan sitiroid na dogon lokaci, dashen gaɓa, ƙanjamau da ta yi nisa ba a kan magani ba, ciwon suga da ba a daidaita ba, bututun jijiya da ya daɗe, da yawan shan maganin kashe bakteriya ba bisa ƙa'ida ba. Mai ɗaya daga cikin waɗannan da ya ga zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ko ciwon kai mai tsanani da ya ɗauki kwanaki, ko tari da jini, ya kamata ya ga likita da wuri kuma ya gaya masa halin garkuwarsa, domin a nemi fangas a gwaji tun kafin ya bazu.